Tarihin Linus Pauling (1901–1994), Wanda Ya Gano Yadda Furotin Ke Murɗewa

Ɗalibanmu na ajin kimiyya sun sha cin karo da sunan Pauling a littafin kemistiri, a shafin nan da aka jera sinadarai bisa ga ƙarfin da kowane atam yake da shi na jawo ilektaron zuwa wajensa, inda fulorin ke kan gaba da lamba 4.0. Da yawa sun haddace lambobin saboda jarrabawa, amma ba su san mai sunan ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu ba da labarinsa a mujallar wannan shekara. Iyaye ma kada su tsallake shafin suna cewa na 'yan kimiyya ne, gama aikin wannan mutum ya taɓa gwajin jinin da ake sa samari da 'yan mata su yi kafin aure.

An haifi Linus Carl Pauling ran 28 ga Fabrairu, 1901, a birnin Portland na jihar Oregon, can yammacin Amurka. Mahaifinsa, Herman, mai kantin sayar da magani ne. Ya rasu a 1910, Linus yana ɗan shekara tara, ya bar mahaifiyarsa Belle da shi da ƙannensa mata biyu. Da kuɗin hayar ɗakuna uwar ta riƙa ciyar da su. Yana da kamar shekara 13 wani abokinsa, Lloyd Jeffress, ya nuna masa 'yan gwaje-gwajen haɗa sinadarai a gidansu, tun daga ran nan kuwa hankalinsa bai ƙara barin wannan fanni ba.

Ga wani abu da zai ba ɗalibai mamaki. Pauling ya bar sakandare ba tare da takardar shaida ba, domin akwai darussa biyu na tarihin Amurka da bai yi ba, makarantar kuma ta ƙi yi masa sassauci. Sai a 1962, bayan shekara 45, ta ba shi takardar, ya riga ya zama sananne a duniya. Ba muna ba kowa izinin gudun ajin tarihi ba ne. Kwalejin aikin gona ta Oregon ta karɓe shi a 1917 saboda makinsa na sauran darussa ya isa. Mahaifiyarsa ta so ya ci gaba da aikin da ya samu a wata ma'aikatar ƙere-ƙere don ya taimaki gida, shi kuwa ya nace sai karatu. Da aikin ƙwadago iri iri ya biya kuɗin makaranta, har da aikin duba ingancin kwaltar da ake shimfiɗawa a hanyoyi. Tun bai gama ba kwalejin ta ba shi aji ya koyar, a cikin ajin da ya koyar ne kuma ya sadu da Ava Helen Miller, wadda ya aura a watan Yuni na 1923. Sun haifi 'ya'ya huɗu.

A 1922 ya shiga Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wadda ake kira Caltech, ya sami digirin dokta a 1925. A can ya koyi haska hasken eksire a kan ƙanƙarar sinadarai, a lissafa inda kowane atam yake zaune daga ɗige-ɗigen da suka fito a kan fim. Ya tafi Turai a 1926, ya zauna wajen Arnold Sommerfeld a Munich ta Jamus, ya kuma ziyarci Niels Bohr da Erwin Schrödinger, sa'ad da sabon ilimin fiziks na cikin atam yake tashe. Da ya dawo sai ya ɗauki wannan ilimi ya bayyana abin da ke ɗaure atam da atam. Ma'aunin nan na littafinmu ya fito a 1932, babban littafinsa The Nature of the Chemical Bond kuwa a 1939.

To, bari mu zo kan furotin, gama nan ne zuciyar labarin. Gashin kanmu, farce, tsoka, farin ƙwai, da sinadarin da ke sa jini ja, duka furotin ne. Furotin doguwar sarƙa ce da aka ƙulla da ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, kamar yadda ake jera duwatsun wuya a zare. Duk sa'ad da amino asid biyu suka haɗu, ƙwayar ruwa guda tana fita, abin da ya saura a cikin sarƙar shi masana ke kira ragowar amino asid. Mu za mu kira kowace ragowa gaɓa, kamar gaɓar rake. Kowace gaɓa tana da ƙashin baya iri ɗaya da na sauran: atam ɗin naitirojin mai riƙe da haidurojin, sai kabon na tsakiya, sai wani kabon mai riƙe da oksijin. Abin da ya bambanta su shi ne reshen da ke fitowa daga kabon na tsakiya. Wani reshen ƙarami ne, wani babba, wani yana son ruwa, wani yana gudunsa kamar mai.

Tambayar da ta dami masana ita ce, yaya wannan sarƙa take naɗewa? A 1936 Pauling da Alfred Mirsky suka ce abin da ke riƙe ta a siffarta shi ne ɗaurin haidurojin, wato 'yar jayayyar da ke tsakanin haidurojin na jikin naitirojin da wani oksijin da ke kusa. Ɗauri ne marar ƙarfi, amma idan ya yi yawa yana riƙe abu kamar yadda tsinkayen tsintsiya suke yin ƙarfi in an ɗaure su tare. Zafi yana kwance shi. Shi ya sa farin ƙwai idan ya dahu ba ya komawa yadda yake.

A Leeds ta Ingila kuma William Astbury ya riga ya ɗauki hoton gashi da ulu da eksire, ya ga akwai wani abu da ke maimaita kansa duk bayan angistiram 5.1. Angistiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita. A 1937 Pauling ya yi ta ƙoƙarin naɗe sarƙar don ta dace da wannan awo, bai yi nasara ba. Maimakon ya yi ta kame-kame, sai shi da Robert Corey, wanda ya zo Caltech a shekarar nan, suka koma kan ƙananan abubuwa. Shekara da shekaru Corey da mataimakansa suna auna amino asid ɗaya ɗaya, da 'yan gajerun sarƙoƙi, har suka san tsawon kowane ɗauri da faɗin kowace kusurwa. Aiki ne mai gundura wanda ba a tafa wa mutum, amma ba don shi ba da babu sauran labarin. Daga ciki aka tabbatar da abin da lissafin Pauling ya riga ya nuna: mahaɗar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa shimfiɗaɗɗiya ce kamar katin wasa, ba ta lanƙwasuwa. Sarƙar tana iya juyawa ne kawai a gefe biyu na kabon na tsakiya.

A 1948 Pauling yana koyarwa na ɗan lokaci a Jami'ar Oxford, mura ta kwantar da shi. Da zaman gado ya ishe shi, sai ya ɗauki takarda da fensir ya zana sarƙar da awonta daidai, ya riƙa ninke takardar a wuraren da sarƙar ke iya juyawa kaɗai, kowane ninki daidai da na bayansa. Takardar ta naɗe ta zama kamar sifirin, sai ga kowane haidurojin na naitirojin ya fuskanci wani oksijin na zagayen da ke kusa da shi. Abin da ya nema tun 1937 ke nan. Duk da haka bai buga shi ba, gama zagaye ɗaya na nasa ya ba da angistiram 5.4, hoton Astbury kuwa 5.1. Ya ajiye maganar fiye da shekara biyu.

Da ya koma Kalifoniya ya ba Herman Branson aikin binciko dukan murɗe-murɗen da za su iya cika sharuɗan. Branson baƙar fata ne, masanin fiziks daga Jami'ar Howard, wanda daga baya, daga 1970 zuwa 1985, ya shugabanci Jami'ar Lincoln, inda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi karatu tun kafin zamaninsa. Sau da yawa littattafai suna ambaton Pauling da Corey su manta da shi, shi kansa ma ya yi ƙorafi daga baya cewa ba a ba shi haƙƙinsa ba. A ganinmu, tun da sunansa yana kan takardar, bai kamata ya ɓace daga bakin malamai ba.

A 1950 manyan masana uku na Cambridge, Lawrence Bragg da John Kendrew da Max Perutz, suka buga nasu ƙoƙarin, suka yi kuskure biyu. Sun bar mahaɗar nan ta lanƙwashe, sun kuma ɗauka dole kowane zagaye ya ƙunshi cikakken adadin gaɓoɓi, uku ko huɗu, ba guntu. Pauling bai ga dalilin da zai sa halitta ta damu da cikakkiyar lamba ba. Ran 28 ga Fabrairu, 1951, ranar da ya cika shekara 50, ya aika da takardarsa tare da Corey da Branson, ta fito a watan Afrilu. Murɗin da suka bayyana shi ake kira alfa hiliks.

Ga yadda yake, kuma duk ɗalibin da ke da ma'aunin kusurwa a akwatin lissafinsa zai iya gwadawa. Kowace gaɓa tana hawa angistiram 1.5 bisa wadda ta gabace ta, tana kuma juyawa digiri 100. Da yake zagaye digiri 360 ne, gaɓoɓi 3.6 ke cika zagaye ɗaya, idan kuma aka ninka 3.6 sau 1.5 sai a sami 5.4. Sai an kai gaɓa 18, zagaye biyar, kafin tsarin ya dawo daidai inda ya fara. Oksijin na gaɓa ta 1 yana riƙe haidurojin na gaɓa ta 5, na 2 ya riƙe na 6, na 3 ya riƙe na 7, haka har ƙarshe. Dukan waɗannan ɗaurin suna kwance ne a tsawon murɗin, shi ya sa yake tsayawa kamar sanda. Gaɓoɓin bakin farko da na bakin ƙarshe ne kaɗai suke rasa abokan riƙo ta gefe ɗaya.

Rassan kuwa duk suna leƙowa waje. Ku zana da'ira, ku sa gaɓa ta 1 a kan sifiri, ta 2 a digiri 100, ta 3 a 200, ta 4 a 300. Ta 5 za ta faɗa a 400, wato 40 bayan an cire zagaye ɗaya, ta 8 kuma a 700, wato 340. Kun ga ta 1 da ta 4 da ta 5 da ta 8 sun taru a fuska ɗaya, ko da yake a jerin sarƙar ba maƙwabta ba ne, ta 2 da ta 3 kuwa da suke kusa a jeri sun juya wani waje. Saboda haka maƙwabcin reshe na gaskiya shi ne na uku ko na huɗu a gabansa. Binciken da wasu suka yi bayan Pauling ya nuna amfanin wannan. Idan gulutamik asid, mai cajin ragi, ya sami laisin, mai cajin ƙari, a gaɓa ta huɗu daga gare shi, suna jan juna su ƙara wa murɗin ƙarfi. Idan masu caji iri ɗaya suka jeru, sai su ture juna murɗin ya saki. Rassa masu gudun ruwa, irin su liyusin, sukan jeru a fuska ɗaya su ɓuya a cikin cikin furotin, masu son ruwa su fuskanci waje. Alanin yana zama lafiya a cikin murɗi. Furolin kuwa ba shi da haidurojin a kan naitirojinsa da zai miƙa, don haka inda ya shiga murɗin yakan karye ko ya karkace.

Perutz ya karanta takardar, ya gane cewa in gaskiya ce dole a ga alamar angistiram 1.5 a hoton eksire idan aka karkata samfurin yadda ba a saba ba. Ya ɗauki gashin doki ya gwada, ya kuwa gan ta, a cikin 1951 ɗin. Saɓanin 5.1 da 5.4 ma ya warware ba da daɗewa ba, sa'ad da Francis Crick a gefe ɗaya, Pauling da Corey a ɗaya gefen, suka nuna cewa a cikin gashi murɗaɗɗun sarƙoƙin suna sake murɗe juna kamar tufkar igiya, wannan ne ke rage awon. A 1960 Kendrew ya ga murɗin ƙuru-ƙuru a cikin furotin na tsokar dabbar teku, yana juyawa ta dama. Zanen da ya fito a takardar 1951 kuwa ta hagu ya juya, amma awon duka daidai ne. A 1954 aka ba Pauling kyautar Nobel ta kemistiri.

Yanzu bari mu koma baya kaɗan ga abin da ya fi shafarmu. A 1945 wani likita, William Castle, ya gaya wa Pauling cewa jajayen ƙwayoyin jinin masu ciwon sikila, wanda muke kira amosanin jini, suna lanƙwashewa kamar lauje ne sa'ad da oksijin ya ragu a cikinsu. Nan take Pauling ya yi zargin cewa laifin yana cikin himogulobin, furotin da ke ɗaukar oksijin. Ya ba ɗalibinsa Harvey Itano aikin. Suka sa himogulobin a ruwa suka ratsa shi da lantarki, sai na mai sikila ya yi tafiya dabam da na mai lafiya, na wanda ya gaji abin daga gefe ɗaya kawai kuma ya rabu kashi biyu. A watan Nuwamba na 1949 Pauling da Itano da Singer da Wells suka buga sakamakon. Karo na farko ke nan da aka bi sawun wata cuta har zuwa ƙwayar furotin guda. Gwajin da ke nuna ko mutum AA ne, ko AS, ko SS, daga wannan dabara ya samo asali.

A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Cambridge ya gano ainihin bambancin. A sarƙar da ake kira bita, mai gaɓoɓi 146, gaɓa ta 6 ce kaɗai ta canja: balin, mai gudun ruwa, ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan gaɓa tana kan murɗi na farko na sarƙar, a fuskar da ke kallon ruwa. Idan oksijin ya fita, balin ɗin yana neman maɓoya, sai ya cusa kansa cikin wani ɗan rami a jikin himogulobin na kusa, tsakanin gaɓa ta 85 da ta 88. Ku lura, tazarar uku ce, a fuska ɗaya ta wani murɗin, daidai da zanenmu na da'ira. Haka suke manne wa juna su zama dogayen sanduna, su tanƙware ƙwayar jinin, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin nan da ke hana yaro barci da zuwa aji daga nan yake. Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, idan kuma AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS.

A nan dole mu faɗi inda Pauling ya yi tuntuɓe. A 1968 ya rubuta shawarar a yi wa matasa masu ɗauke da irin wannan gado wata alama a goshi don kada su so juna. Niyyarsa rage wahala ce, amma shawara ce mummuna, mutane ba shanu ba ne da za a yi musu lamba. Gwaji da shawara cikin sirri da mutunci sun isa.

Bayan bom ɗin atam na 1945, matarsa Ava Helen ta ƙarfafa shi ya fito fili ya yi magana a kan makaman ƙare dangi. A 1946 ya shiga kwamitin masana da Albert Einstein ya jagoranta. Zamanin tsoron kwaminisanci ne a Amurka, sai aka fara zarginsa. A 1952 gwamnati ta hana shi fasfo zuwa wani taron furotin a Landan. A farkon 1953 shi da Corey suka buga tsarin DNA mai igiya uku, wanda bai yi daidai ba, Watson da Crick suka fito da na gaskiya mai igiya biyu a watan Afrilu. Wasu suna ɗora wannan a kan hana fasfon, amma mu muna ganin gaggawa ce ta ci shi, gama bai ba DNA irin haƙurin da ya ba furotin ba.

A watan Janairu na 1958 shi da matarsa suka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar koke da masana fiye da 9,000 suka sa wa hannu, daga baya suka haura 11,000, suna neman a daina gwajin bom a sararin sama, domin ƙurarsa tana sauka a kan ciyawa, ta shiga madara, ta zauna a ƙashin yara. Mu ma abin ya zo ƙofar gidanmu. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, a lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa saboda ci gaba da gwajin. A 1960 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya kira Pauling ya ba da sunayen waɗanda suka taimaka masa tattara sa hannun. Ya ƙi, ko da yake ya san ana iya ɗaure shi. Ran 10 ga Oktoba, 1963, ranar da yarjejeniyar Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyat ta hana gwaji a sama da cikin ruwa ta fara aiki, aka sanar da ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta shekarar 1962. Shi kaɗai ne ya taɓa samun Nobel biyu ba tare da ya raba ko ɗaya da wani ba. Caltech ba ta yi murna da siyasarsa ba, ba da jimawa ba kuwa ya bar ta bayan shekara fiye da 40.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga bitamin C. A 1970 ya buga littafi yana cewa shansa da yawa yana maganin mura, daga baya ya ƙara da ciwon daji. Gwaje-gwajen da asibitin Mayo ya buga a 1979 da 1985 ba su ga amfaninsa ga masu ciwon daji ba, amma bai janye ba. Lemo da gwaiba suna da kyau ga jiki, sai dai kada sunan Pauling ya sa kowa ya bar maganin likita ya koma wa ƙwayar bitamin. Ava Helen ta rasu a watan Disamba na 1981. Shi kuma ya rasu da ciwon daji ran 19 ga Agusta, 1994, a gonarsa da ke Big Sur a bakin tekun Kalifoniya, yana da shekara 93. Takardunsa da na matarsa suna ajiye a ɗakin karatu na tsohuwar kwalejinsa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Jihar Oregon.